Diyyar Majinyaci: Hakkin Wa Ce?

A wannan mako zan kai ku ƙasar Amurka, inda jinya ke da tsadar gaske, har yawancin ma'aikata ba su iya zuwa asibiti sai da inshorar wurin aikinsu.

A shekarar 2000 wata babbar mota ta banke wata ma'aikaciyar kamfanin Walmart a jihar Misuri, ƙwaƙwalwarta ta taɓu, ta zama sai an kwantar an tayar. Asusun inshorar kamfanin ya biya mata wajen dala 470,000 na magani. Iyalinta suka yi ƙarar masu motar, aka yi sulhu, bayan lauyoyi sun ɗebi rabonsu aka ajiye mata dala 417,000 domin jinyar sauran rayuwarta. Sai asusun ya ce a mayar masa da abin da ya kashe, domin haka aka rubuta cikin yarjejeniya. Kotu ta ba shi gaskiya, kamfanin bai janye ba sai a 2008, bayan jama'a sun yi masa ca.

Masana doka na Larabawa suna kiran wannan hakki "hululu", watau wanda ya biya ya sauka a mazaunin wanda aka cuta, ya bi mai laifi bashi. Kada mu yi gaggawar la'antarsa, domin yana da hujja. Ba daidai ba ne a biya mutum kuɗin magani guda sau biyu, asusun kuwa na dubban ma'aikata ne, abin da ya komo cikinsa zai yi wa wani magani gobe. Alkawari kuma abin cikawa ne.

Amma fa matar ba sadaka aka yi mata ba. Ana yankar albashinta domin irin wannan rana, asusun kuwa ya karɓa bisa sanin cewa wata rana zai yi asara. Wanda ya ci riba a kwanakin lafiya, ya kamata ya ɗauki hasara ranar ciwo. Sa'an nan diyyar ba ta kuɗin asibitin jiya kaɗai ba ce. A cikinta akwai fansar hankalin da ya gushe, da albashin da ya yanke, da jinyar gobe. Ta yaya wanda ya biya abu guda zai kwashe fansar abu huɗu? Balle ma bai sa ko kwabo ba wajen ɗaukar lauya, sai da tuwo ya nuna ya zo da akushi.

Ni dai a ganina, asusu na da hakki a kan kason magani kurum, bayan an cire masa rabonsa na ladan lauya, kuma bayan an cike wa majinyaci asararsa. Alƙalan Amurka sun san waɗannan ƙa'idoji. Sai dai a 2013, cikin shari'ar wani ma'aikacin US Airways da aka biya wa dala 66,866 alhali abin da ya rage masa na diyya 66,000 ne, Kotun Ƙoli ta ce rubutun yarjejeniya shi ke gaba, ƙa'idar adalci sai inda rubutun ya yi shiru. Kamfani ne kuwa ke rubuta takardar, ma'aikaci sa hannu kawai ne nasa.