Manomi Da Sunguminsa: Haƙuri Da Auna Aikinmu

Akwai wata karta ta Turawa da ake kira tarot, wadda masu duba na Turai da Amurka suke aiki da ita. Tun da wayar hannu ta shiga gidajenmu, matasanmu suna cin karo da ita, har wasu na tambaya ko ya halatta Kirista ya nemi shawara a wurinta. Cikin katunan nan 78 akwai ɗaya mai hoton manomi ya dogara ga dogon sungumi, yana kallon shukarsa mai 'ya'ya kamar tsabar kuɗi, shida a jikinta, ɗaya a ƙasa kusa da ƙafarsa. Masu fassara sukan ce ma'anarsa ita ce mutum ya dakata, ya yi haƙuri, ya auna ko wahalarsa tana biya.

Asalin tarot wasa ne kawai na fadawan Italiya a ƙarni na 15. Sai a ƙarshen ƙarni na 18, a Faransa, aka mai da shi kayan duba. Hoton manomin kuwa an buga shi a Landan a 1909, zanen wata mata ne mai suna Pamela Colman Smith, wadda ta shiga Ikklisiyar Katolika a 1911. Koyarwar Ikklisiya a fili take. Katikizim na 1992, a sakin layi na 2116, ya hana kowane irin duba, kamar yadda Maimaitawar Shari'a sura 18 ta hana tun dā. Karta ce, ko wuri, ko bugun ƙasa, hukuncin ɗaya ne, gama gobe a hannun Allah take. Amma tambayar da manomin nan yake yi ta girmi karta, kuma wajibi ne kowane mai bi ya yi ta: yaushe jira yake zama haƙuri, yaushe kuma yake zama sakaci?

Mutanen Illela sun san nauyin wannan tambaya. Abincin garin ya rataya a kan iyaka da Birnin Ƙonni da kuma kasuwar Lahadi, inda ake hada-hadar shanu, raƙuma, hatsi da albasa. A watan Agusta 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris 2024. A waɗannan watanni ɗan kasuwa, direba, ɗan dako da mai sayar da abinci, kowa ya tsaya kamar manomin nan yana tambayar kansa: in ci gaba da jira, ko in nemi wata hanya?

Hausawa sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Gaskiya ne, amma sau da yawa muna ba ragwanci da tsoro sunan haƙuri. Ku dubi manomin albasa da ya zuba amfaninsa a rudu yana jiran farashi ya tashi. Idan yana leƙawa a kai a kai, yana tsince wadda ta fara ruɓewa, jiransa hikima ce. Idan kuwa ya rufe rudun ya tafi, ya ce ya bar wa Allah, ranar da ya buɗe zai tarar da wari maimakon riba, kuma ba shi da bakin ɗora wa Allah laifi.

Wani zai ce, ashe yawan lissafi ba rashin bangaskiya ba ne? Ubangijinmu bai koya mana haka ba. A Bisharar Luka sura 13 ya ba da misalin itacen ɓaure da ya yi shekara uku bai ba da 'ya'ya ba. Mai gona ya so a sare shi, amma mai lura da gonar ya roƙi ƙarin shekara ɗaya domin ya yi masa kaftu, ya zuba taki, sa'an nan a sake dubawa. A nan muna ganin alamu uku na haƙurin kirki: yana tafiya tare da aiki, yana da lokacin da aka tsayar, kuma ba ya gudun sakamako. Saboda haka idan muka ce wa matar da ake duka kullum ta yi haƙuri, alhali ba wanda ya tsawata wa mijin, ba wanda ya kai maganar gaban dattawa ko Fada, mun bar ta ne cikin zalunci, ko da mun kira shi da suna mai daɗi.

Da wane mudu za mu auna, to? Riba kaɗai ba ta isa ba. Wanda ya karye lokacin rufe iyaka ba lallai rago ba ne, wanda kuma ya yi kuɗi ta hanyar fasa-ƙwauri da cin amana ba za a ce albarka ya samu ba. Wasiƙar Yaƙub sura 5 ta tuna mana cewa manomi yana jiran ruwan fari da na ƙarshe, ba shi ne yake saukar da su ba. Abin da za a tambaye mu shi ne abin da aka sa a hannunmu. Na yi shuka a kan kari? Na cika mudu? Na biya ɗan ƙodago hakkinsa? Na nemi shawarar waɗanda suka fi ni sani? Babban lahanin duba shi ne yana ɗauke idonmu daga jiya da yau, waɗanda muke iya bincikawa mu gyara, ya kai shi ga gobe, wadda ba a ba mu saninta ba.

Ikklisiya ta ba mu hanyar awo mai kyau. Waliyi Ignatius na Loyola ya koyar da binciken lamiri na kowace rana: ka gode wa Allah, ka roƙi haske, ka bi ranarka daga safe zuwa dare, ka nemi gafara, ka ɗauki niyyar gyara. Sakramentin Tuba kuma shi ne inda muke kai wannan lissafi. Mu tuna da Waliyiya Monika, 'yar Afirka ta Arewa, wadda ta yi shekaru tana addu'a domin ɗanta Augustine. Ba ta zauna a gida kawai ba, ta bi shi har Milan, ta ga an yi masa baftisma a shekara ta 387.

Bari kowane gida ya keɓe maraice ɗaya a wannan wata, miji da mata su zauna su duba gona, jari, bashi da tarbiyyar yara. Abin da yake bukatar taki a zuba masa, abin da ya kamata a bari a bar shi, saura kuma a danƙa ga Allah. Ubangiji ya ba mu haƙuri mai aiki da zuciya mai gaskiya, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.