Zuciyar da Ke Bugawa a Ƙirjinka Amana Ce

Karatun Yau: 1 Timoti 4:6-10, 1 Korintiyawa 6:19-20

Masu bi da yawa suna fakewa da maganar Manzo Bulus ga Timoti don su guje wa motsa jiki. Sai ka ji ana cewa ai amfaninsa kaɗan ne, ibada ce gaba. Gaskiya ne ibada ce gaba. Amma ka lura, Bulus bai ce horar da jiki banza ba ne. Ya auna shi ne da rai madawwami, kuma duk abin da aka auna da wannan dole ya zama ƙarami. Bulus ɗin nan ne ya tuna wa Korintiyawa cewa jikinsu mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma da jinin Yesu aka fanshe shi. Wanda aka ba ajiyar gidan Sarki ba ya barin rufinsa ya rubza.

Zuciyarka tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Tsoka ce, kuma tsokar da ba a sa ta aiki tana raunana. Idan kana tafiya da sauri a kai a kai, zuciya tana ƙara ƙarfi, hawan jini yana sauka, jiki yana sarrafa sukari da kyau, kitsen da ke toshe hanyoyin jini kuma yana raguwa. A shekarar 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya nuna cewa kwandastocin bas mai hawa biyu, masu yini suna hawa da sauka, ba sa kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke yini a zaune. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai shi ne motsi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a shekarar 2019. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Ɗan'uwa yana cikin hidima, sai a ji ya yanke jiki ya faɗi, a fara zargin abokan gaba. Muna yaƙi da ikokin duhu, haƙiƙa, amma wani lokaci abokin gaban yana cikin kujerar da ba ma tashi daga kai, da gishirin da muke zubawa a miya.

Ka tuna yadda Iblis ya kai Yesu ƙololuwar Haikali, ya ce ya dira tunda mala'iku za su tare shi. Ubangiji ya ƙi, domin gwada Allah ke nan (Matiyu 4:5-7). Wanda ke roƙon warkarwa kowace Lahadi, amma ya ƙi motsi, ya ƙi awon jini, ya jefar da maganin likita, ya kamata ya binciki kansa. Allahnmu Mai warkarwa ne, kuma shi ne ya ba mu hankali. Kalibu yana da shekara 85 ya nemi a ba shi ƙasar tuddai, domin ƙarfinsa yana nan (Joshuwa 14:10-12). Ubangiji yana da aiki dominka a tsufanka. Da wane jiki za ka yi shi?

Abin Yi: Shawarar Hukumar Lafiya ga manya ita ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ka yi tafiyar da za ta sa numfashinka ya ƙaru, ta yadda za ka iya magana amma rera waƙa ta yi maka wuya. Idan ka daɗe ba ka yi ba, fara da minti 10. Taka zuwa majami'a idan ba nisa, ka yi addu'a kana tafe. Noma, tuƙa keke da rawar yabo duk suna cikin lissafi. Je a auna jininka; idan yana kai 140/90 ko ya wuce, ga likita. Idan ka ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe, tsaya nan take ka nemi asibiti.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin zuciyar da ka sa a ƙirjina. Ka kawar da kasala daga gare ni. Ka ba ni horon kai in kula da haikalinka, in cika kwanakina cikin hidimarka, a cikin sunan Yesu. Amin.