Kunna Wutar Rana a Doron Ƙasa: Gasa Ce da Mahalicci?

A watan Janairun 2025 labari ya bazu cewa masana a birnin Hefei na ƙasar Sin sun riƙe wata wuta irin ta cikin rana a na'urarsu mai suna EAST har tsawon daƙiƙa 1,066, wato kusan minti 18. Kafofin labarai suka yi ta cewa an ƙera rana. Kawuna, wanda a gabansa na yi karatun Ahalari da Ishmawi, ya aika a kira ni, don ya san kimiyya nake koyarwa a sakandare. Na same shi a zaure bisa buzu, ya rage muryar rediyo.

Ya ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Rana mutanen nan suka ce sun yi? Ai wannan da'awar Namarudu ce."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni dama in fara faɗin abin da suke yi, sannan a yanke hukunci."

Tambayarsa ba ta raini ba ce. Mai imani yana da haƙƙin ya tambayi inda ilimi ya dosa, kuma wanda ya karanci kimiyya yana da nauyin amsawa ba tare da ɗaga hanci ba.

Rana ba itace take ci ba, ba mai ba. A tsakiyarta zafi ya kai digiri miliyan 15, ga nauyin jikinta yana danne komai. A wannan hali ƙwayoyin zarra na haidurojin suna haɗewa su zama hiliyam, ɗan abin da ya ragu na nauyinsu ya koma haske da zafi. Arthur Eddington ya yi hasashen haka a 1920, Hans Bethe ya fayyace matakansa a 1939. Abin da ke cikin ranar shi ake kira filasma: iskar da zafi ya tsananta mata har ƙwayoyinta suka rabu da ilektiron ɗinsu. Walƙiyar da muke gani da damina irinta ce.

Mu a ƙasa ba mu da nauyin rana, don haka sai an cike giɓin da zafi, har digiri miliyan 150, ninki goma na zafin tsakiyarta. Babu ƙarfen da zai jure wannan. Dabarar da Andrei Sakharov da Igor Tamm suka kawo a Tarayyar Sobiyat a farkon shekarun 1950 ita ce a rataye filasmar cikin wani ɗaki mai siffar zobe, ƙarfin maganaɗisu ya hana ta taɓa bango. Wannan na'ura ita ce tokamak. A wadda ake ginawa a Faransa, za a sanyaya maganaɗisun zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, taku kaɗan tsakaninsa da wutar da ta fi rana zafi.

To, mu koma ga Namarudu. A ƙissar da ta zo cikin Suratul Baƙara, Annabi Ibrahim (AS) ya ƙure shi ne da buƙatar ya juya mafitar rana daga gabas zuwa yamma. Abin da aka nema a wurinsa shi ne ya sauya tsari, ya kasa. Masanin filasma kuwa bai taɓa cewa zai sauya tsari ba. Haidurojin ɗin da yake amfani da shi daga ruwa ake tace shi, ba shi ya halicci ruwan ba. Ƙa'idar da ke haɗa ƙwayoyin nan tana aiki tun kafin a yi ɗan Adam. Idan ya kauce mata da ƙiris, filasmar ta kubce ta daki bango, ta mutu kafin ƙiftawar ido. Aikinsa duka biyayya ce ga dokar da ba shi ya kafa ta ba, ko ya yi imani da Mai dokar ko bai yi ba. Ya fi kusa da sana'ar Annabi Dawud (AS), wanda aka tausasa wa ƙarfe ya saƙa sulke, fiye da bugun ƙirjin Namarudu.

Kuma a duba ma'auni. Ranar 5 ga Disamba 2022, a cibiyar Livermore ta Amurka, aka harba hasken leza 192 a kan wani ɗan ƙwanso da bai fi ƙwayar masoro ba. An zuba masa makamashi megajul 2.05, ya mayar da 3.15. Wannan ne karon farko da irin wannan gwaji ya ba da fiye da abin da ya shiga cikinsa, kuma nasara ce ta gaske. Amma megajul 3.15 bai wuce abin da zai tafasa ruwa lita 10 ba, lezar kuwa sai da ta sha kusan megajul 300 na lantarki kafin ta harba. Ita rana, a kowace daƙiƙa, tana mayar da kimanin tan miliyan 4 na jikinta zuwa makamashi. Duk wanda ya san lissafin nan, tasbihi ya fi kusa da bakinsa a kan fariya.

Sai dai tsoron Kawu yana da gurbi, kuma a nan ne na tsaya tare da shi. Ɗan Adam ya kunna wannan wuta tun tuni. A ranar 1 ga Nuwamba 1952 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a Enewetak cikin tekun Fasifik, tsibirin Elugelab ya ɓace daga doron ƙasa. Sakharov ɗin nan na tokamak shi ne jigon bam ɗin Sobiyat na 1953. Cibiyar Livermore ma an gina ta ne musamman don kula da makaman nukiliyar Amurka. 'Yan shekaru suka isa a saki wutar ta yi ɓarna. Shekara 70 da ɗoriya ba su isa a sarrafa ta ta kunna fitilun gari ba. Rushewa sauƙi gare ta, gini ne ke neman haƙuri da kamun kai. Inda zunubin yake shi ne a zuciyar da za ta yi irin tunanin Ƙaruna, ta ɗauka iyawarta ce ta ba ta, don haka babu mai tambayar ta abin da ta yi da shi. Sakharov da kansa ya juya yana adawa da gwajin makamai, ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1975, gwamnatinsa ta tsare shi a birnin Gorky a 1980.

Wannan bincike kuma ya koya wa masu ƙarfi abin da ba su saba da shi ba. Da farko kowace ƙasa ɓoye nata take yi; da abin ya gagara, sai suka baje shi a taron Jeniba na 1958. A 1969, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, masanan Ingila suka kwashi kayan awonsu zuwa Mosko, suka tabbatar cewa na'urar abokan hamayyarsu ta yi gaskiya. A 1985 shugabannin Amurka da Tarayyar Sobiyat, Reagan da Gorbachev, suka amince a yi aikin tare, daga nan aka samu ITER da ake ginawa a Cadarache, kudancin Faransa, da haɗin gwiwar Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu. Jadawalin da aka fitar a 2024 ya ce sai 2039 za a fara ƙona cikakken man haɗewar. Da yawa cikin waɗanda suka zana aikin sun riga sun rasu. Shuka abin da wani zai girba hali ne da addininmu ya yaba.

Saura tambayar adalci. Tun daga farkon shekarun 1970 an shafe shekaru ana haƙar yuraniyam a Arlit ta Nijar ana kai wa tashoshin nukiliyar Faransa, alhali akasarin mutanen Nijar ba su da lantarki. Idan sabuwar wutar ta samu, wa zai riƙe makunninta? Wanda ba ya nan aka yi rabo, sai abin da aka ga damar ba shi. Imamu Gazali ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda idan al'umma duka ta bar su ta yi laifi. Ban ga dalilin da zai fitar da ilimin makamashi daga wannan sahu ba a zamanin da asibiti ke tiyata da janareta.

Don haka amsata ita ce: binciken nan ba gasa da Allah ba ne, karatun ayoyinsa ne na sarari, kuma amana ce da za a tambayi mai riƙe da ita. Ina roƙon iyaye da malamanmu, idan yaro ko yarinya suka nuna son lissafi da kimiyya, kada a tsorata su da sunan addini. A ba su tauhidi da tarbiyya, a ba su littafi da ɗakin gwaji, a sa musu albarka su je su koyo. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga wanda ba ya amfani.