Karabat: ado ne ko igiya?

A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake wuce digiri 40, ana ganin ma'aikatan banki da wasu jami'an gwamnati sun ɗaure wuya da wani ɗan ƙyalle wanda ba ya kare rana, ba ya share gumi, ba ya kuma da aljihu. Mu a nan karabat muke ce masa, maƙwabtanmu na Najeriya su ce naktai. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wanda ya ɗaura shi, ado ya yi, ko kuwa igiyar wasu ce ya rataya wa kansa?

Sunan ma yana ɗauke da tarihinsa. A ƙarni na 17, sojojin haya ƴan Kuroshiya da suka yi wa sarkin Faransa yaƙi suna ɗaure ƙyalle a wuya. Faransawa suka ga abin ya yi musu kyau, suka ɗauka, suka kira shi da sunan mutanen da suka gan shi a wuyansu. Ke nan ko a Faransa aro ne. Zuwa ƙasarmu kuwa, ta hanyar lakol da biro ya shigo. Ɗaliban da suka yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Bubu Hama da Jori Hamani suka yi nasu, sun komo gida malamai da komi-komi, a zamanin da kwat da karabat suke shaidar cewa mutum ya iya harshen mai mulki. Daga nan ne ƙyallen ya sami kwarjininsa, daga nan ne kuma ya sami maƙiya.

Masu sukarsa suna kafa hujja uku. Ta farko, ba shi da amfani. Gaskiya ne, amma wane ado ne yake da amfani? Aikin aska takwas da ke ƙirjin babbar riga ba ya ƙara mata ƙarko, kuma yadin da malum-malum take ci ya isa a ɗinka wa mutum uku tufa. Ado magana ce da mutum yake yi kafin ya buɗe baki. Mai naɗa rawani da mai ɗaura karabat abu ɗaya suke faɗa wa wanda za su tarar: na ɓata lokaci gaban madubi domin na girmama wannan zama.

Hujja ta biyu ita ce baƙo ne, kuma an ce zanen aro ba ya rufe katara. To, mu dubi akwatunanmu da idon gaskiya. Shaddar gezna da ake tinƙaho da ita ranar salla a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar holan da ake sa wa a lefe daga Holan take zuwa. Alkyabba da dara daga arewacin Afirka suka tsallako hamada, tare da fatake. Babu wanda ke kiran waɗannan kayan aro a yau, domin mun yanka su, mun ɗinka su, mun ba su ma'ana tamu. Abin da al'umma ta daɗe tana sarrafawa ya zama nata, ko daga ina ya taso.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi. Shadda da alkyabba ciniki ya kawo su, mu muka zaɓa. Karabat kuwa mulki ya kawo shi, ya kuma zo da wani ma'auni wanda yake ɗora mai kwat a sama da mai riga. Mustafa Alasan ya taɓo wannan ciwo a fim ɗinsa na 1966, inda wani saurayi ya komo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, kafin a ankara sun ɗauki halin tufafin, sun hana gari kwanciyar hankali. Tufa tana iya sa mai ita ya yi wa ƴan uwansa kallon raini. Duk inda aka bar dattijo mai rawani a tsaye aka miƙa wa yaro mai karabat kujera, an yi zalunci, ko da babu wanda ya ɗaga murya.

Sai dai maganin wannan ciwo yana da nasa hatsari. A 1972 Mobutu ya hana kwat da karabat a Zayar, ya tilasta wa maza wata riga mai suna abakos, da sunan komawa ga asali. Har zuwa 1990 wuyan jami'ansa ba ƙyalle, amma dukiyar ƙasa ba ta tsira daga hannunsu ba. Toma Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, shi ma ya umurci ma'aikata su sa tufar gida, faso dan fani, amma abin da ya dame shi shi ne audugar ƙasa da abincin masaƙa. Tambayar Mobutu ita ce da wa ka yi kama. Tambayar Sankara ita ce wa ya ci guminsa daga abin da ka saka. Ta biyun ce ta cancanci mu riƙe.

Maganar ta shafe mu a yau. A watan Oktoba na 2024 titin Charles de Gaulle na Yamai ya koma titin Jibo Bakari, a 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa. Al'ummar da take sake duba sunayen titunanta da harshenta ba za ta rasa duba tufafinta ba. Abin tsoro shi ne a juya tsohon ma'auni kawai, a riƙa auna kishin ƙasa da hula kamar yadda dā aka auna wayewa da karabat. Mai cin amana yana iya sa babbar riga, mai gaskiya yana iya ɗaura karabat, domin hali zanen dutse ne, tela ba ya ɗinka shi.

Saboda haka hukuncin yana ga dalilin mai ɗaurawa. Wanda ya ɗaura don yana jin kunyar rigar ubansa, igiya ce a wuyansa. Wanda ya ɗaura don ya ga ta dace da zaman, gobe kuma ya sa kaftani ya tafi masallacin Juma'a ba tare da ya ji ya zama wani mutum dabam ba, ado ya yi. Haƙƙin da ke kan ma'aikatu shi ne kada su mai da karabat sharaɗin ɗaukar aiki. Na masu ɗinki kuwa, ga masaƙan tera-tera nan a gidan tarihi na Bubu Hama, suna jiran wanda zai yanka karabat daga saƙarsu.