Sojan Gona da Mashaidinsa: Wa Ya Fi Laifi?

Tun ran da na karanta wani yanki na tarihin ƙasar Rasha, wata tambaya ta hana ni sakat. Idan mutum ya yi sojan gona ya haye gadon da ba na gidansu ba, shi ya fi laifi, ko kuwa wanda ya san gaskiya amma ya tsaya ya shaide shi?

Ga yadda abin ya faru. Cikin shekarar 1591 aka tarar da gawar Dimitiri, ƙaramin ɗan Sarki Iban na Huɗu, a garin Ugilic, da rauni a wuya, yana ɗan shekara takwas. Aka tura wani basarake mai suna Basili Shuiski ya bincika. Ya komo ya ce farfaɗiya ce ta kama yaron yana wasa da wuƙa, ya soki kansa. Da gidan sarautar ya ƙare a 1598, Boris Godunob ya hau. Daga 1601 zuwa 1603 aka yi wata muguwar yunwa. Ana cikin haka sai ga wani saurayi ya ɓullo daga ƙasar Folan, wai shi ne Dimitiri, Allah ya kuɓutar da shi. Boris ya rasu a 1605, saurayin ya shiga Mosko, aka naɗa shi.

To, ina Shuiski? Shi da ya ga gawa da idonsa, sai ya ce ai yaron bai mutu ba. Shekara na zagayowa, watau 1606, shi ne ya shirya aka kashe sabon sarkin, ya gaje shi, ya sa aka tono gawar yaron aka kawo Mosko, ya ce daɗa kashe shi aka yi. Magana uku a kan gawa ɗaya, kowace da ribarta!

Wani zai ce sojan gonan ne tushen ɓarna, tun da shi ya ƙago ƙaryar. Ban ce ba shi da laifi ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baƙon da ya zo da baki kawai, wa zai ba shi gado in manya ba su ɗaga masa hannu ba?

Talakawa kuwa, ni ban ga laifinsu sosai ba. Ba su taɓa ganin yaron ba, ga yunwa ta ci su, dole su so labarin sarkin adalci da ya dawo. Har uwar yaron, wadda ta rungumi saurayin a bainar jama'a ta kira shi ɗanta, ina yi mata uzuri, domin musu a ranar yana iya cin ranta. Shuiski fa, da ya rasa tsoro sai kwaɗayi ya maye gurbinsa. Sakamakon kuwa ƙasa ce ta biya: wasu Dimitirin suka yi ta fitowa, sojan Folan suka zauna Mosko, ba a fara samun sa'ida ba sai da aka zaɓi Mika'il Romanob a 1613.

Saboda haka, a ganina, laifi yana bin gwargwadon sani ne. 'Yan'uwana ɗalibai, ba lalle wani cikinmu ya nemi gadon da ba nasa ba. Amma gobe mu za a miƙa wa takarda a ce mu sa hannu mu shaida. Allah ya sa ran nan bakinmu ya zama ɗaya.