Hannun Da Aka Ɗaga A Majalisa Amana Ce

Ya 'yan'uwa, muna so mu yi nazari a kan wata tambaya: wakilin da ya ɗaga hannu ya amince da doka, shin alhakin abin da dokar ta haifar yana wuyansa, ko kuwa ya sauke nauyi da zarar an tashi zama?

Mu mutanen Arlit ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, a hanyar Aljeriya. Akasarinsu mata ne da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A watan Mayu na 2015 Majalisar Dokoki a Yamai ta zartar da doka mai lamba 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure. Daga 2016 aka fara aiki da ita gadan-gadan, tare da goyon bayan Tarayyar Turai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, masu masauki da masu sayar da abinci a Agadas suka rasa sana'a. Matafiya kuwa ba su fasa tafiya ba. Sai direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyi da hanyoyin da aka sani don gudun jami'an tsaro, haɗarin ya ƙaru. A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin Janar Abdurahman Tiani ta soke dokar.

Wani zai ce 'yan majalisa sun yi ne da kyakkyawar niyya ta ceton rai. Ba mu musanta wannan ba, kuma niyya Allah ne masaninta. Amma wanda aka ba amanar jama'a, wajibinsa ne ya bincika kafin ya yanke, ya kuma waiwayo ya duba bayan ya yanke. Dokar ta yi shekara takwas tana nan. Wanda ya ga illarta ya yi shiru don biyayya ga jam'iyya, shirunsa ma ƙuri'a ce.

Haka lamarin yake a maƙwabciyarmu Nijeriya, inda Majalisar Dattawa ke tantance ministoci, wani lokaci a ce wa mutum ya rusuna ya wuce ba tare da an yi masa tambaya ba. Amincewa da naɗin mutum shaida ce cewa ya cancanta, mai shaida kuwa abin tambaya ne a kan shaidarsa.

Sai dai kada mu wanke kanmu. Idan mun karɓi buhun shinkafa ko turmin atamfa muka zaɓi mutum, da wane baki za mu tuhume shi? Soke dokar ma bai kawo ƙarshen wahala ba, domin bayan 2023 an ci gaba da zube mutanen da aka koro daga Aljeriya kusa da Assamaka, su tako da ƙafa cikin rairayi.

Saboda haka, duk mai magana da yawunmu, zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, mu tambaye shi cikin ladabi: me ka goyi baya game da matafiya, wa ka amince a naɗa, kuma bisa wace hujja? Mu riƙe amsarsa, mu tuna masa da ita ran da ya dawo neman yardarmu.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hamada. Amin.