Shaidar Mutane a Kan Tsohon Direban Babbar Mota

Idan tsohon direban babbar mota ya rasu a ƙauye, abin da ake faɗa a kansa wajen zaman makoki bai cika wuce 'yan kalmomi ba: ya nemi halalinsa, bai ci amana ba, ya riƙe zumunci. Bai bar littafi ba, bai riƙe sarauta ba, kabarinsa kuma tudun ƙasa ne irin na kowa. Tambayar da ke tasowa ita ce, da me ake auna rayuwar wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a kan hanya, kuma wane nauyi maganar masu ta'aziyya take da shi a addini?

Sana'ar tana da tushe a fatauci. Kafin layin dogo ya iso Kano a 1911, fatake ne ke haɗa ayari a ƙarƙashin madugu, su nufi Gwanja da jakuna don sayen goro a Salaga, su yi watanni ba su ga gida ba. Direba ya gaji doguwar tafiyar da zangonta. Yakan fara ne a matsayin yaron mota, yana wanki, yana ɗaure tamfol, yana kwana a ƙarƙashin mota don gadin kaya, har ranar da maigidansa zai yarda ya sakar masa sitiyari. Daga nan sai ɗaukar hatsi daga Dawanau, ko shanu daga Potiskum da Maigatari, ko tumatir da albasa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano, ta Mokwa da gadar Jebba, a yada zango a Ogere, a juyo da kayan tashar jiragen ruwa ta Apapa.

Musulunci bai ɗauki wannan wahala a matsayin abin da ke gefen addini ba. Ayar ƙarshe ta Suratul Muzzammil ta ambaci masu tafiya a bayan ƙasa don neman falalar Allah a jere da masu yaƙi saboda Allah, ta sanya su cikin waɗanda aka sassauta wa tsayuwar dare. Bukhari ya ruwaito daga Mikdam ɗan Ma'adikarib cewa mafi alherin abincin mutum shi ne wanda hannunsa ya nemo, aka kawo misali da Annabi Dawuda. Muslim kuma ya ruwaito cewa kuɗin da mutum ya ciyar da iyalinsa da shi ya fi lada a kan wanda ya bai wa miskini. Fikihu ma ya yi wa direba tanadi. A mazhabar Malikiyya, tafiyar da ta kai mil 48 tana sa a yi wa salla mai raka'a huɗu kasaru, har sai matafiyi ya shiga garinsu ko ya yi niyyar zaman kwana huɗu, kuma wanda tafiya ta zama sana'arsa bai rasa wannan rangwame ba. Yana iya ajiye azumin Ramadan ya rama daga baya. Shari'a ta rage masa raka'o'i ne kawai; sallar kanta tana nan a wuyansa, ko da a kan kwali ne a gefen titi.

Inda rayuwar direba ta fi bayyana halin mutum shi ne wajen amana. Ana damƙa masa mota da kayan da darajarsu ta ninka abin da zai samu a shekaru, ya tafi inda mai kaya ba ya ganinsa. Yana iya zuƙe mai ya sayar, ko ya rage buhu ya ce ruwa ya lalata, ko ya sha ƙwaya don ya kori barci ya jefa rayukan bayin Allah cikin haɗari. Ba a ɓoye yake ba cewa wasu direbobi sun ɓata wa sana'ar suna da irin waɗannan halaye, da kuma abin da ke faruwa a wasu zanguna da dare. Wannan ne ya sa shaidar alheri a kan wanda ya kuɓuta take da tsada. Mutumin da ya yi shekaru da dama da makullin mota a aljihu, babu mai kaya ɗaya da ya ce ya cuce shi, ya ci jarrabawar da mutane da yawa ba a taɓa gwada su da irinta ba.

Hausawa na cewa shaidar duniya ita ce ta lahira, kuma maganar tana da madogara. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa an wuce da gawa mutane suka yabe ta, Annabi (SAW) ya yi mata bushara da Aljanna. Aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce wuta ta tabbata gare ta, sannan ya bayyana cewa muminai shaidun Allah ne a bayan ƙasa. Malamai sun gindaya wa wannan shaida sharaɗin gaskiya, kuma ta fito daga waɗanda suka san mamacin. Don haka maganar yaron motar da ya sha rana tare da shi, da ta mai abincin da yake ci bashi a wajenta yana biya, ta fi ta baƙon da ya zo ya yi yabo don kara. An hana zagin matattu, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito, amma hanin bai buɗe ƙofar ƙirƙira musu halin da ba su da shi ba.

Sana'ar tana cin wani abu da kuɗi ba sa mayarwa. 'Ya'yan direba sukan tashi suna ganin mahaifinsu jefi-jefi, ya iso da tsarabar burodi da lemo, ya kwana biyu ya koma. Sai ido ya raunana, baya ya gaza, ya ajiye makulli, sannan ya samu zaman gida, a lokacin kuwa 'ya'yan sun girma. Jikoki ne ke cin moriyar wannan zama. Al'ada ta ba su damar wasa da kaka, wadda kunya ta hana tsakanin uba da ɗa: ya kira jikanya amaryarsa, ya tsokani jika namiji a kan zai ƙwace masa mata, ya ba su labarin garuruwan da ya ratsa. Wanda aka sa wa sunansa kuwa, iyaye su sakaya su kira shi Abba ko Baffa.

A rabon gado, ƙaunar nan ta kaka da jika ba ta da kaso na dole. Daga dukiyar mamaci ana fara cire kuɗin jana'iza, sai bashi, wanda ake shelantawa tun a wajen salla, sai wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan magada. Jika ba ya gado muddin mamaci yana da ɗa namiji a raye, ko da mahaifin jikan ya riga kakan rasuwa, sai dai a yi masa wasiyya. Abin da ke tsakaninsu bayan mutuwa yana cikin hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, cewa aikin mutum yana yankewa ban da abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a, wanda malamai da dama suka shigar da jikoki cikinsa. A kan taron sadakar uku da bakwai da arba'in akwai saɓani: ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, tana ganinsa bidi'a, malaman ɗarika kuma suna halatta shi. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa addu'a, da sadaka a madadinsa, da biyan bashinsa suna isa ga mamaci.